Kun Tambaya, Mun Amsa: Shin wannan shuɗin dutsen safaya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. An kawo mini wani shuɗin dutse, an ce safaya ne daga tsaunin Mambila. Launinsa ya yi kyau ƙwarai. Ta yaya zan gane gaskiyarsa kafin in biya? Mai karatu daga Jalingo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tabbas ana haƙo safaya a Mambila, amma kada launi ya ruɗe ka. Safaya da jan yakutu asalinsu dutse ɗaya ne. Ɗan sinadarin kuromiyam ne ke sa shi ja, ƙarfe da titaniyam kuma su sa shi shuɗi. Kwalba ma ana rina ta da wannan shuɗin har ta fi na gaske ɗaukar ido.

Abin da ke da wuyar ɓoyewa shi ne nauyi. Nemi sikelin masu sayar da zinare, wanda ke nuna 0.01 na giram. Auna dutsen a bushe, ka rubuta. Sai ka ɗora ƙaramin kofi da ruwa a kan sikelin, ka mayar da shi sifili. Ɗaure dutsen da siririn zare, ka nutsar da shi gaba ɗaya kana riƙe da zaren, kada ya taɓa gindin kofin ko gefensa. Raba nauyin farko da lambar da ta fito. Idan dutsen giram 2.00 ne, wato karat 10, ruwan ya nuna 0.50, ka samu 4.0, wato ya ninka nauyin ruwa mai girmansa sau huɗu, nauyin safaya ke nan. Kwalba kan tsaya wajen 2.5, dutsen tofaz kuma 3.5.

Inda ake kuskure: kumfar iska da ta maƙale a jikin dutsen tana rage sakamakon, don haka a girgiza zaren ta fita. Ɗanyen dutse da ke manne da ƙasa ko wani dutsen daban ba zai ba da lamba ta gaskiya ba. Wanda bai kai giram ɗaya ba kuwa, kuskuren sikeli ya isa ya ɓata lissafin.

Kada ka dogara da karta gilashi. Taurin safaya 9 ne a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, amma farin dutsen kwaz mai 7 shi ma yana karta gilashi, ga kuma haɗarin ɓantare bakin dutsen.

Ko da ka samu 4.0, da sauran aiki. Tun 1902 ake ƙera yakutu a masana'anta, daga baya safaya ma haka, kuma na ƙira da na ƙasa nauyinsu da taurinsu ɗaya. A duba cikinsa da madubi mai ƙara girma sau 10: ƙananan kumfa zagayayyu da layuka masu lanƙwasa alamar na ƙira ne, na ƙasa layukansa miƙaƙƙu ne masu kusurwa. In kuɗin da yawa, mu dai ba mu yarda a biya ba sai da takardar ɗakin gwaji.

Tambaya: Zumurrudun zobena ya dushe, tsage-tsage sun bayyana bayan na yi wanke-wanke da shi. Ya lalace ne? Wata uwargida daga Zariya.

Amsa: Hajiya, da alama man ne ya fita. Yawancin zumurrudu yana da ƙananan tsagu tun daga ƙasa, masu gyara kan cike su da mai don su ɓuya, ruwan zafi da sabulun wanki kuma suna wanke man. Gwanin duwatsu zai iya sake sa masa. Nan gaba ki riƙa cire zoben kafin aiki, ki goge shi da ƙyalle mai laushi da ruwa mai ɗan ɗumi kawai.