Na Yanke Sitaci Gaba Ɗaya, Sai Ga Ni Ina Karkarwa

Assalamu alaikum Anti, ina yi miki fatan alheri. Shekaruna 47, kuma shekara huɗu ke nan ina fama da ciwon sukari, irin wanda ake samu da girma. Ina shan metformin safe da dare, da glibenclamide kafin karin kumallo. Duk da haka gwajin wata uku na ƙarshe, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini a tsawon lokacin, ya nuna 8.9. Likita ya ce yana son ganinsa ƙasa da 7, in ba haka ba za a fara maganar allura. Anti, tsoron allurar nan ya hana ni barci.

Sai na ga a intanet mutane suna cewa sun daina cin sitaci sukarinsu ya sauka. Rana ɗaya na yanke shinkafa, burodi, taliya, dankali da lemon kwalba, na koma ƙwai, kifi, nama da ganye. Cikin mako biyu sukarin safe ya sauko daga 190 zuwa 110. Har hawaye na yi don murna. Amma ranar Talatar da ta wuce ina cikin aiki sai gumi ya keto mini, hannuna na rawa, ina gani dishi-dishi. Ɗiyata ta gwada ni, na'ura ta nuna 56. Sai da ta ɗura mini lemo mai zaƙi na dawo hayyacina.

Maigidana ya ce in bar wannan ƙaƙale in koma cin abincina kamar da. Ni kuma zuciyata na raya mini in ajiye magungunan, tunda abinci ya yi aikinsu. Ban gaya wa likita ba, ina jin nauyin kada ya yi mini faɗa. Wanne zan bi?

Wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya ƙara kiyayewa, ya yi wa ɗiyar nan albarka da ta san abin yi. Lamba 56 ba ta wasa ba ce. Duk abin da ya gaza 70 sukari ya yi ƙasa, idan ya ci gaba da zurarewa kuwa mutum na iya suma. Kada ki bi ko ɗaya daga cikin biyun nan da kika lissafa, kuma ki je asibiti a wannan makon, kada ki jira ranar da aka ba ki.

Bari in gaya miki abin da ya faru a jikinki. Sitaci da sukari su ne ke narkewa su shiga jini a matsayin gulukos, wato sukarin jini, shi ya sa da kika rage su lambar ta sauko. Wannan ba ƙarya aka yi miki ba. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta Amurka ta faɗa a rahotonta na 2019 cewa a cikin tsare-tsaren abinci, rage sitaci ne ya fi samun hujjar saukar da sukarin jini. Matsalar tana wurin glibenclamide. Aikinsa shi ne ya matsa wa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini, ko kin ci ko ba ki ci ba. An auna miki shi lokacin da kike cika faranti da shinkafa. Kin janye shinkafar, maganin kuwa bai sani ba, ya ci gaba da kwashe ɗan sukarin da ya rage. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake jefa mutum cikin wannan halin ba.

Don haka likitan da kike jin nauyinsa shi ne mai mabuɗin. Ki tafi masa da lambobinki a rubuce, har da 56 ɗin da lokacin da ta faru, ki faɗa masa abin da kike ci ba tare da ɓoye komai ba. Shi zai duba ko a rage glibenclamide, ko a cire, ko a sauya. Idan kika ajiye su da kanki, sukarin na iya hawa a ɓoye na watanni, yana taɓa ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa kina ganin lafiyarki ƙalau. Ki roƙe shi kuma ya duba miki ƙoda, domin mai matsalar ƙoda ba a sakar masa nama da ƙwai yadda ya ga dama. Kafin ki gan shi, ki mayar da ɗan sitaci a kowane cin abinci, kada ki tsallake ko ɗaya.

Abin da kika yi shi ne mafi tsananin tsarin, wanda ake tsayawa a giram 20 zuwa 50 na sitaci da sukari a yini. Akwai mai sauƙi, na ƙasa da giram 130, kuma shi na fi so miki, don shi ake iya riƙewa shekara da shekaru ana cin abinci tare da iyali. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana da kusan giram 45, yankan burodi ɗaya kusan 15, gwangwanin lemo ɗaya kuwa kusan 35, wanda ba ya ƙosar da kowa. Lemon ki bar shi sai ranar ceto. A faranti, rabi ya zama ganye da kayan lambu irin su kabeji, latas, kokwamba da tumatir, kwata kifi ko kaza ko ƙwai, kwatan da ya rage sitaci. Wake yana da sitaci, amma a hankali yake shiga jini, ya fi farin burodi nesa ba kusa ba. 'Ya'yan itace ki ci su yadda suke, kada ki matse ruwansu.

Na'urarki ce za ta raba gardama. Ki gwada kafin ci, ki sake gwadawa bayan awa biyu. Ga yawancin manya ana son 80 zuwa 130 kafin ci, ƙasa da 180 bayansa. Cikin mako biyu za ki gane abincin da ke ɗaga miki sukari da wanda jikinki ke ɗauka, domin ba kowa yake ɗaya ba.

Ki riƙa yawo da alewa ko sukari a jaka. Da zarar kin ji rawar jiki ko gumi ko faɗuwar gaba, ki gwada. In ƙasa da 70 ne, ki sha rabin kofi na lemo mai zaƙi ko cokali ɗaya babba na sukari, ki jira minti 15 ki sake gwadawa, in bai hau ba ki maimaita. Ki koya wa mutanen gida cewa wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake yi da shi nan take.

Maigidanki tsorata ya yi, kuma yana da dalili, ya ga matarsa na karkarwa. Ki tafi da shi wurin likitan ya ji da kunnensa. Batun allura kuma, ƙanwata, in har ta zama dole wata rana ba gazawarki ba ce, magani ce kamar sauran. Ki rubuto mini bayan gwajin wata uku mai zuwa, ina son jin lambar. Allah ya ba ki lafiya.

Anti