Me ya sa sunayen garuruwan gaɓar tekun Sikotland suke kama da juna?

Ɗan'uwa, ka tambaya dalilin da ya sa Inver da Kyle da Tarbert suke ta maimaituwa a taswirar yammacin Sikotland. Ai ba wani sirri ba ne, kalmomin Gelik ne, tsohon yaren mutanen yankin, da masu magana da Turanci suka rubuta yadda kunnensu ya ji. Yawanci bayanin wuri ne kawai, kamar yadda mu ma muke da Bakin Ruwa da Rijiyar Zaki.

Inver daga "inbhir" yake, wato inda kogi ke faɗawa teku, shi ya sa Inveraray ke bakin kogin Aray. Kyle kuwa "caol" ne, siririn ruwa tsakanin ƙasa da ƙasa. Oban na nufin ƙaramin lungun teku, Tobermory da ke tsibirin Mull kuma "Tobar Mhoire", rijiyar Maryamu.

Wanda ya fi burge ni shi ne Tarbert: ƴar siririyar ƙasa tsakanin ruwa biyu, inda ake jan kwale-kwale a tudu maimakon a yi dogon zagaye. Ana ba da labarin cewa a 1098 Sarki Magnus na Norway ya zauna cikin jirginsa aka ja shi ta Tarbert ɗin Kintyre, don ya ce yankin ma tsibiri ne, nasa ne ke nan, tunda an yarda tsibiran wurin nasa ne. Wayo dai!

Amma ka yi hattara, ba duka ne Gelik ba. Stornoway da Ullapool asalinsu yaren Vikings ne, mutanen Norway na dā.