Tambayoyin Masu Karatu: In bar ɗana mai shan inna ya shiga wasan ƙwallo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 14 ya yi shan inna tun yana ƙarami, da sanduna yake tafiya. Tun da ya bar lakkol saboda tsokanar yara, daga ɗaki sai zaure, abinci ma sai an matsa masa. Yanzu wasu samari masu irin larurarsa, waɗanda ke buga ƙwallo da yamma, sun zo nemansa. Babansa ya ce ɓata lokaci ne, gara a kai shi koyon ɗinki, ni kuma ina tsoron ya ji rauni ko a mai da shi abin dariya. Mece ce shawararku?
Wata uwa daga Tahoua

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana shi. Shawarata ita ce ku bar shi ya je, kuma kada ku jinkirta har samarin nan su gaji da zuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne zaman ɗakin nan da ƙin cin abinci, domin alamu ne na yaron da ya fara ganin ba shi da gurbi cikin tsaransa. A gida kowa tausayinsa yake ji, kuma tausayi, duk da alherinsa, ba ya ba mutum matsayi. A fili kuwa, za a ba shi wurin da zai tsare, a yi masa faɗa idan ya yi sakaci, a rungume shi idan ya ci, sannan ranar da bai zo ba a aiko a tambayi lafiyarsa. Wannan cigiyar da abokai ke yi ita ce ke farfaɗo da zuciyar yaro, kuma ita ce uwa ba ta iya ba shi komai ƙaunarta.

Likitoci sun daɗe da gane haka. A shekarar 1948, likita Ludwig Guttmann ya shirya gasa a asibitin Stoke Mandeville na Ingila ga sojojin da Yaƙin Duniya na Biyu ya raunata musu lakka, daga nan aka samu wasannin naƙasassu na duniya da aka fara a birnin Rum a 1960. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yara masu shekara 5 zuwa 17 su motsa jiki na kimanin minti 60 kowace rana, kuma ba ta cire masu larura ba. Nijar ma ta amince a 2008 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda sashenta na 30 ya ambaci wasanni ƙarara.

Tsoronki na rauni yana kan hanya. Ki fara kai shi asibiti wurin likitan ƙashi ko masu gashin ƙashi, su duba ƙafar, su faɗa masa iyakar abin da zai iya, domin tsokar da shan inna ta raunana ba ta son a wahalar da ita fiye da ƙima. A duba robar gindin sandunan, a lura ko kanta ko gyambo sun fito masa a tafin hannu da hammata, kuma a lokacin bazara kada ya fita sai bayan la'asar, da ruwan sha a hannunsa.

Game da Alhaji, ba shi da laifi da ya yi tunanin sana'a, sai dai ɗinki da safe ba ya hana ƙwallo da yamma. Mutumin Tahoua, garin da aka fara kokawar Takobi a 1975, ya san yadda fili ke ɗaukaka ɗan talaka har ƙasa ta san sunansa. Ki roƙe shi cikin ladabi ya raka yaron da kansa ranar farko, ya gaisa da mai horar da su, ya tsaya ya kalli wasan har a tashi. Idan yaron ya saki jiki bayan wata biyu ko uku, sai ku tayar da zancen komawa lakkol, ku je tare ku gana da shugaban makarantar kan batun tsokanar.