Ƙanwata, ki taho da hijabinki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Saƙonki ya iso tun Asabar, aiki ne ya riƙe ni. Kin ce kin samu gurbin digiri na biyu a nan Ingila, amma Baba ya ɗaure fuska tun da aka tura masa bidiyon tarzomar 2024, yana tambaya ko 'yarsa za ta iya yawo da hijabi ba tare da an tsangwame ta ba.

Abin da Baba ya gani ya faru. A ƙarshen Yulin shekarar wani matashi ya kashe yara mata uku a Southport, aka baza ƙarya a intanet wai Musulmi ne mai neman mafaka, alhali haifaffen Birtaniya ne. Washegari aka far wa masallacin garin da jifa, abin ya bazu, har otal ɗin da aka sauke masu neman mafaka a Rotherham aka nemi cinna wa wuta. A makon tarzomar ko kanti sai dole nake zuwa. Sai dai akwai bidiyon da ba a tura wa Baba ba: na mutanen unguwar da suka fito da sassafe suka share titi, suka sake gina katangar masallacin. Ki kuma faɗa masa ƙidayar 2021 ta samu Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales. Ba ke za ki fara ba.

A cikin jami'a ba jifa za ki gamu da shi ba, magana ce mai zarar bunu. Ni kiwon lafiyar al'umma na zo karanta, amma akwai malamin da duk lokacin da zance ya gifta ta kan rikici sai ya juyo wurina yana murmushi, wai tunda daga Najeriya nake in yi wa aji bayanin Boko Haram. Aji ya yi tsit, idanu su dawo kaina, ni kuma in ƙaƙalo murmushi. Sau uku ina haɗiyewa, domin tarbiyyar gida ta ce ba a ja da malami, ga kuma tsoron kada in taɓo abin da zai taɓa min biza.

Wata 'yar Somaliya ce ta same ni a ɗakin salla ido ya yi ja. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Cewa ta yi: “Kin rubuta?” Rana, lokaci, kalmomin da ya furta, da wanda ke wurin. Nan ƙasar abin da ba a rubuce yake ba tamkar bai faru ba ne. Na tura imel mai layi biyar ga malamar da ke kula da karatuna, ba zagi ba kuka. Mako bai zagayo ba ya nemi afuwa, bai kuma ƙara ba. Ni dai ban ɗauke shi mugu ba, jahilci ne mai digiri, amma da na ci gaba da shiru da har yau yana yi wa wata.

Dokar daidaito ta 2010 ta hana jami'a nuna bambanci saboda addini ko launin fata. Idan sashenku ya yi biris, ƙungiyar ɗalibai tana da ofishin ba da shawara kyauta, sama da jami'a kuma akwai hukuma mai zaman kanta da ke sauraron koken ɗalibai. Kai ƙara ba ya cikin abin da ke kashe biza. Fashin aji da wuce awa 20 na aiki a mako su ne masu kashewa. A titi kuwa, idan abin ya kai ga barazana ki kira 'yan sanda a 999, idan ya riga ya wuce ki kira su a 101.

Akwai kuma tsarin Prevent, wanda tun 2015 doka ta ɗora wa jami'o'i sa ido kan tsattsauran ra'ayi. Ya sa wasu yaranmu ba sa buɗe baki a aji in an zo zancen Falasɗinu. Ki yi maganarki da hujja, ki dai san abin da kike turawa a WhatsApp.

Makon farko ki nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Kusan kowace jami'a tana da ita, uwarsu FOSIS tun 1963 take. Su za su nuna miki ɗakin salla, inda ake Juma'a, mahaucin halal, da yadda ake neman uzuri idan Idi ya faɗo ranar lacca. Amma kada ki zaci can aljanna ce. A ɗakin sallar nan wata baiwar Allah ta tambaye ni yaushe na musulunta, don ta gan ni baƙa. Na ce mata tun zamanin Sarki Yaji, ƙarni na 14, da Wangarawa suka shigo Kano. Wata kuma ina idar da salla ta kama hannuna tana koya min ɗorawa a ƙirji, ba ta taɓa jin Malikiyya na sakin hannu ba. Wannan ya fi na malamin yi min ciwo, don ban zo da shirinsa ba. Yanzu ina cikin kwamiti, kuma duk buɗa-bakin da za a yi sai an sa masa da miyar taushe kusa da biriyani.

Mafi yawan Turawan da za ki zauna da su rashin sani ke damunsu. Wadda muka haɗa gida da ita ta yi wata biyu tana kallon butata a banɗaki, ranar nan ta yi ta maza ta tambaya ina furannin da nake bai wa ruwa. Muka yi dariya har da hawaye. Da azumi ya zo ita ke kwankwasa min ƙofa in na makara sahur.

Kafin ki biya kuɗin makaranta, tura musu imel ki tambaya: akwai ɗakin salla mai wurin alwala, akwai limamin jami'a, akwai masaukin mata zalla? Amsarsu da saurin da ta zo za su nuna miki irin gidan da za ki shiga. Ki turo min in gani. Baba kuma ki gaishe shi, ki ce zan kira shi Lahadi bayan la'asar ɗinku. In kin tashi haɗa kaya ki sako buta biyu da kuka.