Corolla ta ƙi tashi da sanyin safiya, pompon esansi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum maigida. Ina nan Tahoua, ina da Toyota Corolla ta 1995 mai inzektar. Tunda ɗari ya shigo sai na yi ta buga kontak kafin ta tashi da safe, in ta tashi ma tana rawa tana son mutuwa sai na riƙa ba ta wuta. Amma da ta yi zafi shikenan, bugu ɗaya take tashi har dare. Na canza buji, na sayi sabon batir, ba ta canza zani ba. Wani makanike ya ce pompon esansi ne. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah riƙe kuɗinka tukuna, kada ka sayi pompo sai an gwada. Pompon da ya gaji ya fi nuna kansa in mota ta yi zafi ko tana hawan tudu da kaya, ita kuwa taka wuni take yi lafiya lau.

Gobe da safe fara da kunnenka. In dimarer, wato abin da ke juya inji in an buga kontak, yana juyawa da ƙyar, a hankali, to maganar wuta ce ko da batir sabo ne, a duba kan batir ko ya yi wannan farin garin, a duba wayar mas da ta tafi jikin inji. Batir mai lafiya da ya kwana yana nuna wajen bolt 12.6, lokacin da ake bugawa kuma kada ya sauka ƙasa da 9.6. In kuwa yana juyawa da ƙarfinsa inji ne ya ƙi kamawa, ka manta da batir.

Inji mai sanyi ya fi cin mai. Esansi ba ya saurin zama tururi in ƙarfe ya yi sanyi, wani ma manne wa bango yake yi kafin ya kai ciki, dole sai an ƙara masa. Motocin karbirata suna da abin da ake ja da hannu don haka, mai inzektar kuwa kwamfutar mota ce ke ƙarawa da kanta, kuma ba ta da yadda za ta san an yi sanyi sai abin da kaptar ɗin zafin ruwa, wato ɗan abin da ke auna zafin ruwan inji, ya gaya mata. Shi nake zargi da farko. Ɗan ƙaramin abu ne a wajen dalko (mai rarraba wa buji wuta), inda tiyon ruwa yake, mai waya 2. Kada a ruɗa shi da mai waya 1, wancan na allurar tablo ne kawai, shi ya sa za ka ga allura tana aiki daidai alhali wanda kwamfuta ke saurara ya lalace, kuma makanikai da yawa nan suke yin kuskure.

Gwajinsa ba wuya. A cire fish ɗinsa, wato kan wayar da ake cusa masa, tun kafin a tada mota, a sa masa mitar awon wuta. A digiri 20 ya kamata ya nuna om 2,000 zuwa 3,000, in inji ya kai digiri 80 ya sauko 200 zuwa 400. In da asuba ya nuna maka 400 ko 500 to ƙarya yake yi wa kwamfuta cewa inji ya riga ya yi zafi, ita kuma sai ta ba da mai kaɗan. Lokacin zafi ba za ka lura ba, ƙarfe bai yin sanyi sosai da dare, sai Disamba da Janairu da safiyar Tahoua ke sauka wajen digiri 15 asirinsa ke tonuwa. A duba fish ɗin ma, sau da yawa haƙoransa ne suka yi tsatsa ko waya ta karye a cikin roba.

Wannan Corolla ba sai an kai ta wurin mai baliz, wato na'urar binciken kwamfutar mota, ba. Ƙarƙashin kapo akwai ɗan akwati da aka rubuta DIAGNOSIS, a haɗa TE1 da E1 da guntuwar waya, a buɗe kontak ba tare da an tada ba, fitilar inji a tablo za ta riƙa ƙiftawa. Ƙifta 2, ta tsaya, ta sake 2, lamba 22 ke nan, ta kaptar ɗin ruwa. Sai dai lambar tana fitowa ne in waya ta yanke ko ta haɗe, in awonsa ne ya kauce kwamfuta ba ta ganewa, don haka rashin lamba bai wanke shi ba.

Rawar da take yi har sai ka ba ta wuta kuma tana nuna bawul ɗin ralanti, mai riƙe inji in ba a ba da wuta ba, wanda ke ƙarƙashin papiyon, wato ƙofar iskar da ke buɗewa in an ba da wuta. Shi ke buɗe wa iska hanya da safe inji ya hau sama da 1,000 kafin ya sauko wajen 700 ko 800. Ƙurar hunturu da tururin mai suna haɗuwa su zama baƙin dauɗa su daskare shi. A cire a wanke da feshin wankin karbirata, a canza filtir ɗin iska, busa shi kullum da iska mai ƙarfi huda shi yake yi. In an taɓa cire maka termosta, bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, wai don zafin ƙasarmu, a mayar da shi, in babu shi inji yana daɗewa bai kai zafinsa ba, yana ta shan mai.

Shi pompon ga yadda za ka wanke shi ko ka kama shi. Toyota na wancan zamani ba sa kunna pompo da buɗe kontak kawai, sai ana bugawa, don haka kada a ce maka ya mutu don ba a ji kukansa ba. A cikin akwatin nan a haɗa FP da +B, a buɗe kontak na ƴan daƙiƙu, a cire waya, a buga. In ta tashi nan take, mai ne ke zurarewa da dare, ko ta bawul ɗin cikin pompo, ko regilatar mai daidaita ƙarfin mai, ko inzektar mai ɗiga. Sai a sa agogon awon ƙarfin mai, ana son wajen bar 2.7 zuwa 3.1, kuma minti 5 bayan an kashe kada ya faɗi ƙasa da 1.5. In kana shan man kwalba na bakin hanya, filtir ɗin esansi ma a canza shi. Kuma ina roƙonka kada ka yarda a zuba esansi ta bakin papiyon, wuta na iya dawowa ta kama fuskar mai zubawa.

In duk waɗannan lafiya, sai a buɗe hular dalko a nemi tsaga, a auna wayoyin buji kada ɗaya ta wuce om 25,000, daga ƙarshe a auna kompresiyon, kada silinda ta gaza bar 10.

Amma duk gwajin nan sai a kan inji mai sanyi. In ka tuƙa ta zuwa gareji da hantsi ta riga ta warke, makanike zai yi ta lalube yana sa ka sayen kaya. Ka kai ta da yamma ta kwana can, ka zo bayan sallar asuba a sa mita a gabanka kafin kowa ya taɓa kontak.