Zuwa ga ƙanena mai son zuwa Tasmaniya neman damisa

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka ga bidiyon Turawa suna ɗaura kyamara a jikin bishiyoyi a gonakin Tasmaniya, tsibirin nan na ƙasar Ostireliya, suna neman tailasin, dabbar da ake ganin ta ƙare a duniya, kana tambaya ko mutum zai iya zuwa karatu ya shiga cikinsu, har ya samu na kashewa.

Bari in fara da dabbar. Suna ce mata damisa saboda zanen bayanta kawai. A ido kare ce mai dogon baki, da jakar goyo a ciki irin ta kangaru. Makiyaya suka ɗora mata laifin cin tumaki, gwamnati ta sa ladan fam ɗaya a kan kowace babba da aka kashe daga 1888 zuwa 1909, aka biya lada sau 2,184. Wani manomi, Wilf Batty, ya harbe ta ƙarshe da aka kashe a daji a Mawbanna a 1930. Wadda ta rage ta mutu a gidan namun daji na Hobart, babban birnin Tasmaniya, ranar 7 ga Satumba 1936, kwana 59 bayan an kafa dokar kare ta. Ihu bayan hari ke nan.

Masu neman nata na zauna da su, mutanen kirki ne, yawanci dattawa. Wanda na fi sabawa da shi makiyayi ne a arewa maso yamma, kakanninsa na cikin masu karɓar fam ɗin nan. Ranar Asabar sai ya zagaya kyamarorinsa, ya sauya batir, ya tattara kashin dabbobi a leda, ya zuba filasta a duk sawun da bai gane ba. Da daddare mu zauna muna duba hotuna dubbai: walabi (dangin kangaru), walabi, kyanwar daji, inuwar ciyawa. In ka nuna shakka sai ya kawo maka labarin Hans Naarding, jami'in gandun daji da ya ce ya haska tailasin mai rai da tocila a 1982. Ni a ganina rabin neman nan nadama ce, amma ban taɓa faɗa masa ba.

Kuɗi kuwa, daga aljihunsu suke fita. Attajirin Amurka Ted Turner ya sa ladan dala 100,000 a 1983 ga duk wanda ya kawo shaidar tailasin na raye, mujallar The Bulletin ta sa dalar Ostireliya miliyan 1.25 a 2005, babu wanda ya ci. Hotunan da wani mai neman tailasin, Neil Waters, ya fitar a 2021 ma, masani Nick Mooney ya duba ya ce fadimelon ne, ƙaramin dangin kangaru.

Don haka kada ka rubuta neman tailasin a takardar neman biza. In ilimin dabbobi kake so, nemi Jami'ar Tasmaniya, ka yi magana a kan masu rai: debil, wani ɗan dabba mai cin nama da jakar goyo, wanda ciwon dajin fuska ke cinyewa tun 1996, ko dabbobin da motoci ke takewa kowane dare. In kuma ƙwayoyin halitta ne, a Jami'ar Melbourne Farfesa Andrew Pask ke ƙoƙarin dawo da tailasin tare da kamfanin Colossal. Bizar ɗalibi awa 48 ta yarje maka aiki a sati biyu lokacin karatu, ba za su biya kuɗin makaranta ba, sai ka zo da shirinka.

Turo min sakamakon digirinka in duba. In Allah Ya kawo ka, zan kai ka wajen dattijon. Idonsa ya fara rauni, yana neman mai taya shi duba hotuna. Ka taho da rigar sanyi mai kauri, a nan Yuli ne tsakiyar hunturu. A gaida Hajiya.