Yadda maciji yake tafiya ba tare da ƙafa ba

Malam, ka tambaya ko maciji yana da ƙafafu a ɓoye, ganin irin gudun da yake yi. Gaskiya ba shi da ƙafar takawa. Ƙashin bayansa yakan kai gaɓoɓi 200 zuwa 400, mafi yawansu ɗauke da haƙarƙari biyu, kuma tsokar da ke haɗe da su ce take lanƙwasa shi dama da hagu, yana tokarar duwatsu da ciyawa, ɓawon cikinsa yana kama ƙasa. Shi ya sa idan ya hau tayil mai santsi sai ya yi ta murɗe-murɗe, da ƙyar yake gaba. Kasa kuwa, wadda na taɓa gani a gonarmu ta Shika, a miƙe take jan ciki a hankali, sawunta layi ɗaya tsakanin kunyoyi.